Hular Kwano Da Ƙwarya

Ran 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta wa masu babur sa hular kwano. Sai ga waɗansu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka, wai sun bi doka. Har yau gardamar ba ta mutu ba nan Keffi. Wani ya ce zafi, wani tsada, fasinja kuwa ƙora da sammu yake tsoro.

Da aka tura ni gwajin koyarwa, na kai wa yara ƙwai biyu. Ɗaya na sa cikin gwangwani haka nan, ɗayan na naɗe da auduga tukuna. Na sake su daga bisa tebur. Na fari ya fashe, gwangwaninsa ko lotsawa bai yi ba. Na biyu ya tsira.

Watau soson ciki shi ke shanye bugun, don kada ƙwaƙwalwa ta daki ƙoƙon kai da ƙarfi. Ƙwarya ba ta da shi. Batun ƙora kam akwai gaskiya, ni hular saƙa nake sawa daga ciki. Amma 'yan'uwa, a ɗaure igiyar haɓa, in ba haka ba hular za ta fice tun kai bai taɓa ƙasa ba.