Kafin ku girka uwar garken hira a wurin aikinku

Masu asibitoci, makarantu da ƙungiyoyi, ina da magana da ku kan inda hirar aikinku take kwana. A yawancin wuraren da ake kira na haɗa kwamfutoci, guruf ɗin WhatsApp ya zama shi ne ofis. Nan ake tura sakamakon gwajin jini, nan ake tura jerin albashi, duk a kan lambobin wayar ma'aikata na kansu. Ranar da mai riƙe da guruf ya bar aiki da ɓacin rai, sai a shiga lallashi. Kuma ba mu manta da 4 ga Oktoba, 2021 ba, lokacin da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke kusan awa 6. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023, wadda ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su.

Akwai mafita, kuma tsohuwa ce. Tun 1999 Jeremie Miller ya fitar da Jabber, tsarin da yau ake kira XMPP, wanda kowa zai iya kafa tasa uwar garke da shi ba tare da ya biya lasisi ba. WhatsApp ɗin ma a kan ejabberd, ɗaya daga cikin manhajojin wannan tsari, aka fara gina shi. Daga baya Matrix ya zo a 2014, gwamnatin Faransa ta gina wa ma'aikatanta Tchap a kansa. Akwai Rocket.Chat da Mattermost ga masu son abu mai fasalin ofis, sai dai suna da cin ƙwaƙwalwar na'ura. Ni dai ga ƙaramin wuri Prosody nake zaɓa, don ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta mai Debian ko Ubuntu ma tana ɗaukar ta ba gardama.

Girkawar ba ta kai aikin yini ba. Umarni guda ne, apt install prosody. Sai a buɗe fayil ɗin prosody.cfg.lua, a rubuta sunan adireshin ma'aikata a layin VirtualHost, a buɗe ƙofa ta 5222 don wayoyi su shigo. Ƙofa ta 5269 ta zance da wasu uwayen garke ce na waje. In hirarku ta cikin gida ce zalla, ku bar ta a rufe. Kowane ma'aikaci a buɗe masa asusu da prosodyctl adduser, ya sauke Conversations in Android gare shi, ko Monal in iPhone ce. Kafin a ce an gama, a buga prosodyctl check, za ta faɗi inda aka yi tuntuɓe.

Layin da nake fara dubawa a duk na'urar da aka nuna mini shi ne allow_registration. Prosody tana zuwa da shi a kashe. Amma sai wani ya ga buɗe wa mutane asusu ɗaya bayan ɗaya wahala ce, ya kunna shi, ya manta. Masu aika saƙonnin banza suna da na'urorin da ke zagaye intanet dare da rana suna neman irin wannan ƙofa. Na taɓa tarar da uwar garken wata makaranta cike da asusun baƙi, ba wanda ya san lokacin da suka shigo.

Sai takardar shaidar tsaro. Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, amma kwana 90 take yi. In ba a saita sabuntawa ta kanta ba, ko ba a tabbatar Prosody tana ɗauko sabuwar ba, wata safiya wayoyin kowa za su ƙi shiga, alhali mai girkawa ya karɓi kuɗinsa ya tafi tuntuni. Wannan ce matsalar da ta fi kashe irin waɗannan ayyuka a hannunmu, kuma takan sa mutane su ce manhajar ce ba ta da kyau.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Sabis yana zuwa yana tafiya, don haka a tabbatar mod_smacks na aiki, shi ke hana saƙo ɓata in layi ya tsinke, tare da mod_mam mai adana tarihin hira. Wayoyi irin su Tecno da Infinix sukan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir. Dole a shiga saiti a keɓe Conversations, in ba haka ba saƙon gaggawa zai iso bayan an gama neman likita. Kwamfutar kuma a ɗora ta kan inbata ko sola. Amfanin ajiye ta a cikin gini shi ne ko an katse sabis, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, waɗanda ke kan wayifai ɗin wurin za su ci gaba da magana da juna.

Kada wani ya ruɗe ku cewa uwar garken kanku tana nufin sirri ya tabbata. Mai kula da na'urar zai iya karanta abin da ke ajiye, sai fa in an kunna OMEMO a wayoyi, wanda ke kulle saƙo daga mai aikawa har mai karɓa. Hoton da ma'aikaci ya riga ya sauke ma yana wayarsa. Abin da kuka samu shi ne asusun naku ne, ku ke buɗewa ku ke rufewa.

Don Allah, kafin ku biya kowa kuɗin girkawa, ku sa a rubuta sunan wanda zai riƙa sabunta manhajar, yana kwafe bayanai zuwa wata ma'ajiya daban, yana kuma gwada dawo da su. Kalmar sirrin uwar garken ta kasance a hannun mutum biyu, ɗaya daga cikinsu shugaban wurin. In ba ku da wanda zai ɗauki wannan nauyi, ku dakata tukuna har ku same shi.