Yadda Ake Ɗinka Hular Gashi a Gida da Yadda Ake Sabunta Ta

Hular gashi ita ce gashin da aka ɗinke a jikin hula mai raga domin a riƙa ɗora shi a ka ana cirewa, kuma a nan ta bambanta da ƙarin gashin da ake kitsawa a jikin gashin mace, wanda ba ya fita sai an tsefe. A unguwanni irin su Tudun Wada da ke ƙaramar hukumar Nassarawa a Kano, inda ƙabilu daban-daban suke zaune tare kuma kasuwar Sabon Gari ba ta da nisa, ana samun matan da suke ɗinka ta da hannunsu, musamman da yake gashin mutum daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuwa ya bi tashin dala tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023.

Wajibi ne a fara da ambaton matsayin addini, domin hadisin da ya hana sadar da gashi da wani gashi ya zo a Bukhari da Muslim, kuma malaman Malikiyya, mazhabar da mafi yawan Kanawa suke bi, sun tsananta a kai, yayin da Hanafiyya suka sassauta a kan abin da ba gashin ɗan Adam ba. Wasu malaman zamani sun yi rangwame ga wadda ciwo ko maganin sankara ya zubar mata da gashi, suna kallon hular a matsayin rufe lahani. Musulma dai ta nemi fatawa kafin ta sayi kaya.

Gashin iri biyu ne. Akwai na roba, wanda aka fi sani da gashin doki, kuma fitaccen zarensa shi ne Kanekalon da kamfanin Kaneka na Japan ya fara yi a 1957. Akwai kuma na mutum, wanda da yawansa daga Indiya yake fitowa, kamar wurin bauta na Tirumala inda masu ziyara suke aske kawunansu, sannan a sarrafa shi a masana'antu irin na birnin Xuchang a ƙasar Sin. Sunan Barazil ko Peru da ake rubutawa a jikin leda galibi sunan talla ne kawai. Mai saye tana iya tantancewa da ashana: silin gashin mutum yakan ƙone da ƙauri ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa yakan narke ya dunƙule ya yi tauri. Wibon shi ne gashin da aka riga aka jera aka ɗinke gindinsa da keke ya zama dogon layi, ana sayar da shi bandir-bandir, kowane bandir kimanin giram 100, kuma bandir uku suna isar matsakaiciyar hula. Sai kulosha, wato ɗan yankin leshi mai inci 4 a tsawo da faɗi da aka ƙulla gashi a jikinsa sili-sili don ya yi kama da fatar kai a wurin tsaga, da kuma furontal mai inci 13 da ke tafiya daga kunne zuwa kunne. Mai koyo ta fara da kulosha, domin ba ta buƙatar gam. Sauran kayan su ne hular raga mai miƙewa, da lanƙwasasshiyar allura, da zare mai ƙwari, da fil, da almakashi, da alli, da roba mai faɗi, da kan mutum-mutumi da za a kafa aikin a kai.

Awo ne farkon aiki, kuma ba a yin sa sai an yi wa mai hular kitso ƙanana kwantattu, irin wanda za ta riƙa sawa a ƙarƙashi, domin awon da aka ɗauka a kan tsefaffen gashi yakan ba da hular da ke zamewa. Ana zagaya tef ɗin tela daga goshi ta bayan kunne zuwa ƙeya, abin da a mafi yawan mata yake kamawa tsakanin inci 21 da 23, sannan a auna daga goshi zuwa ƙeya, da kuma daga kunne zuwa kunne. Idan kan mutum-mutumin bai kai wannan awo ba, sai a naɗa masa tsumma har ya kai, saboda hular da aka ɗinka a kan ƙaramin kai ba ta ƙara buɗewa, kuma ita ce take matse jijiyar goshi ta sa ciwon kai.

Bayan an ja hular an kafe ta da fil, sai a ɗora kulosha a gaba, bakinta ya ɗan zarce bakin hular, a ɗaure gashinta sama, a ɗinke gefe biyu da baya da ɗinki matsattse ba tare da leshin ya tattare ba. Daga nan a zana layuka da alli, a fara daga ƙeya da bandir mafi tsawo, ana hawa sama. A nan ne gwaninta take bayyana. Allura ba ta huda gindin wibon, zagaya shi take yi ta kamo raga, kuma kafin a ja zaren sai a ratsa allurar ta cikin madaukinsa domin kowane ɗinki ya ƙulle kansa. Huda gindin yana sassauta ɗinkin masana'anta, gashi ya fara zuba tun hular tana sabuwa. Haka nan a bakin hula ana kama yadin sama ne kaɗai, a bar robar da ke ciki, in ba haka ba ta daina miƙewa. Idan layi ya kai ƙarshe, maimakon a sa almakashi, sai a ninke wibon a kwantar da ninkin da ɗinki biyu ko uku a juyo da shi layi na gaba. Wannan ninki ya fi yanka cin lokaci, kuma idan ba a danne shi sosai ba yakan yi tudu, amma shi ne yake barin wibon a cikakken tsawonsa yadda za a iya warware shi a mayar kan sabuwar hula, don haka duk mai ganin darajar kuɗinta bai kamata ta guje shi ba. A ƙeya ana iya haɗa layi biyu a ɗinka tare don cika, amma da an kusa tsakar ka sai a koma ɗaya-ɗaya, ana lanƙwasa su suna kewaye kulosha, har na ƙarshe ya haɗu da bakinta ba tare da raga ta leƙo ba.

Abin da ya rage kaɗan ne: a juya hular a yanke ragar da ke ƙarƙashin kulosha ba tare da an taɓa zare ba, a ɗinka roba daga kunne zuwa kunne ta ƙeya, a rage leshin goshi, a fitar da tsaga.

Yanayin Kano ba ya raga wa gashi, domin ƙurar hunturu tana busar da shi ta sa ya cukurkuɗe, gumin bazara kuma yana taruwa a raga har ta yi tsami. Sabuntawa tana farawa da taje gashin a bushe da mataji mai manyan haƙora, daga baki ana hawa zuwa gindi, hannu ɗaya yana riƙe da sama don kada a fizge. Idan na mutum ne, sai a tsoma shi a ruwa mai ɗumi da shamfu, ana shafa shi daga sama zuwa ƙasa, ba a cuɗa shi irin wankin tufafi, a ɗauraye har ruwan ya fito fes. Sannan a shafa kwandishina, wato man da ke tausasa gashi, a kauce wa ƙullin kulosha domin santsi yana kwance shi, a ƙulle hular a leda a nutsa ledar a ruwan zafi na minti 20 zuwa 30, a ɗauraye da ruwan sanyi, a shanya a inuwa a kan mutum-mutumi. Na roba da ruwan sanyi ake wanke shi, ba ya karɓar rini, kuma ƙarfen miƙar da gashi yana narkar da shi sai in an rubuta a ledarsa cewa yana jure zafi. Turirin ruwa ne yake kwantar da bakinsa idan ya yi kaushi.

Bayan ta bushe sai a duba ciki. Kulosha ce take fara yin sanƙo a wurin tsaga, roba kuma ta saki, kuma dukkansu ana farke su a sa sababbi ba tare da an taɓa sauran ɗinkin ba. Idan ragar ce ta mutu, sai a tsinke zaren a hankali, a wanke wibon, a datse bakin da ya tsattsage, a sake ɗinki daga ƙeya.

Gashin da ke ƙarƙashi ya fi hular buƙatar kula. Ana cire ta da dare, ana cire ta don shafar kai a alwala da kuma wanka, ba a sa ta a kan jiƙaƙƙen kitso, ba a kuma aron ta, saboda ƙwarƙwata da makero suna bin ta. Matsattsen kitso da gam da roba mai tsauri suna cinye gashin goshi sannu a hankali, kuma idan abin ya daɗe saiwar takan mutu gashin ya ƙi dawowa. Wadda ta ga gaban kanta yana ja da baya, ko ƙuraje sun fito mata a bakin hula, ta ajiye ta, ta je ta ga likitan fata.