Taimakon Gaggawa: In Zuciya Ta Tsaya

Ɗalibai, mu ɗauka wani ya yanke jiki ya faɗi a wani lungu na Yakasai, ba ya numfashi. Mota ba ta shiga lungun. Kafin a kinkime shi zuwa Asibitin Murtala, minti 4 zuwa 6 da ƙwaƙwalwa ke jure rashin iska sun wuce. Mu kuwa mun saba da yayyafa ruwa da yin cincirindo. Wannan ba ya ta da zuciyar da ta tsaya.

Ga abin da muka koya a kwas ɗin taimakon gaggawa. A aiki wani neman mota. A kwantar da mutumin rigingine a ƙasa, ban da katifa. A ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan dannawa 30, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci, a hura iska sau 2 a baki. Tsofaffin littattafanmu sun ce 15, amma an mai da shi 30 a 2005.

Haƙarƙari yakan karye, kada mu tsorata mu daina. Yakan warke daga baya. Yaron da aka tsamo daga kududdufi kuwa, da hura iska ake fara masa.