Lokacin Shuka da Yanayi a Noman Kabkabi

Kabkabi wani nau'in wake ne mai ƙwaya gewayayya da ɗan tsini a kai. Wannan suna na mutanen Sudan ne. Larabawan gabas suna kiransa hummus, Indiyawa kuwa cana. Ƙasar Indiya ce ke noma fiye da rabin wanda ake samarwa a duniya, don haka da ita za a yi nazarin yadda lokacin shuka ke shafar amfaninsa.

Manoman Indiya ba sa shuka kabkabi da damina. Sukan jira ruwa ya ɗauke, su shuka tsakanin Oktoba da Nuwamba, su girbe daga Fabrairu zuwa Afrilu. Akasarin gonakin ba a yi musu ban-ruwa. Tsiron yana rayuwa ne da laimar da damina ta bari a ƙasa, musamman baƙar ƙasa mai laka ta jihohi irin su Madiya Faradesh. Wanda ya san yadda ake noman masakwa a firkin Borno ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba.

Ke nan manomi yana tsere ne da abubuwa biyu, wato bushewar ƙasa da dawowar zafi. Idan ya yi gaggawa ya shuka ƙasa na da zafi, tsiro yakan ruɓe daga tushe, wanda ya tsira kuma ya yi ta ganye ba 'ya'ya. Jinkiri ya fi wannan illa. Manomin da ya tsaya girbin shinkafa har ya kai Disamba bai yi shuka ba, furensa zai haɗu da zafin Maris. Da zarar zafin rana ya haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, garin fure yakan lalace, fure ya kakkaɓe, kwanson da ya riga ya fito kuma ya yi ƙwaya ƙanana. A daidai lokacin ne laima ke ƙarewa, tsutsar da ke huda kwanso kuma take yawaita. Asara uku ke nan a kan kuskure ɗaya.

Sanyin da ake nema ma yana da iyaka. A arewacin Indiya, idan matsakaicin zafin yini ya sauka ƙasa da digiri 15 a Disamba da Janairu, tsiro yakan yi fure amma ba ya ƙulla 'ya'ya sai gari ya ɗan yi ɗumi. Ruwan sama da hadari a lokacin fure kuma suna jawo cututtukan ganye.

Manomi ba shi da iko a kan yanayi, saboda haka masana suka mayar da hankali ga iri. Cibiyar ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da birnin Haidarabad, kuma take da reshe a Kano, ta haɗa hannu da cibiyoyin binciken Indiya wajen fitar da iri mai nuna cikin kimanin wata uku. Wannan ne ya ba kudancin ƙasar, inda sanyi ba ya daɗewa, damar faɗaɗa noman kabkabi.

Aiki: Ɗalibi ya bincika lokacin da ake shuka alkama a Kadawa, ya bayyana abin da ke faruwa idan an makara, sannan ya tsara yadda zai gabatar da wannan ga 'yan aji shida na firamare.