DARASIN GIRKI: GASASSHEN DANKALIN TURAWA DA CUKU

Ƴan uwa masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci, maza da mata, darasinmu na yau a kan dankalin turawa yake, wanda wasu ke ce wa kwambitar. Yawancinmu suya kawai muka san ana yi da shi, ko a jefa shi cikin miya. Suya tana cin mai da yawa, mai kuwa kuɗi ne. Ga wata hanya mai cin mai kaɗan, mai ƙosarwa, mai gina jikin yara.

Daga ina ya fito?

Asalin dankalin turawa ba ƙasar Turawa ba ce. Manoman duwatsun Andes ne, a ƙasashen Peru da Bolibiya, cikin Amurka ta Kudu, suka fara noma shi tun dubban shekaru. Mutanen Sifen suka kai shi Turai wajen shekarar 1570. Mu kuma ta hannun Turawa ya iso mana, shi ya sa muka laƙaba masa sunansu.

A Nijar ana noma shi a garake na Abzin, kamar Tabelot da Timiya, da kuma Bonkuku cikin ƙasar Filinge. Bayan farin 1984 hukuma ta ƙarfafa noman rani, kayan garka suka yawaita a karkara. Dankali sanyi yake so. Ana dasa shi da shigowar ɗari, a haƙe shi bayan wata 3 ko 4.

Girkin da za mu koya na mutanen Faransa ne. Suna ce masa garatan. Ana jera yankakken dankali cikin madara da cuku, a gasa har samansa ya yi ja, ya yi ƙaras-ƙaras. Su a cikin tanderu suke gasawa, da irin nasu cuku mai narkewa. Mu za mu yi da tukunya da garwashi, da cukun makiyayanmu.

Kayan da ake bukata domin mutum 3

Dankali rabin kilo, watau matsakaita 4 ko 5.
Madara kofi 1, watau kashi ɗaya cikin huɗu na lita.
Cuku giram 100.
Albasa 1 da tafarnuwa ƙwaya 2.
Man shanu ko man gyaɗa babban cokali 2.
Garin alkama babban cokali 1.
Busasshen burodi cikin hannu 1.
Gishiri da masoro kaɗan.

Yadda ake yi

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke dankali, a fere shi, a yanka shi fale-fale. Kaurin yanka ya zama ɗaya, don kada wani ya nuna wani ya rage ɗanye.

2. A tafasa shi cikin ruwa da gishiri minti 10, a tsiyaye. Kada a bari ya farfashe.

3. A daka cuku a turmi, a raba shi biyu. Cukunmu busasshe ne, ba ya narkewa kamar na kanti. Saboda haka a tafasa madara, a sauke, a jiƙa rabin cukun a ciki har ya yi taushi.

4. A soya albasa da tafarnuwa cikin mai cokali 1. A barbaɗa garin alkama, a motsa minti 1. A riƙa zuba madarar kaɗan-kaɗan ana motsawa har ta yi kauri kamar kunu. A sa gishiri da masoro. Garin alkama shi ke riƙe madara, ya hana ta tsinkewa a kan wuta.

5. A shafa mai cikin ƙaramar tukunyar ƙarfe. A jera rabin dankali, a zuba rabin haɗin madara. A jera sauran, a zuba sauran haɗin.

6. A daka busasshen burodi. A cuɗa shi da sauran cuku da sauran mai, a barbaɗa a sama ko'ina.

7. A rufe da murfin ƙarfe. A sa garwashi kaɗan ƙarƙashin tukunya, a ɗora mai yawa bisa murfi. A bar shi minti 20 zuwa 25.

8. A sauke, a jira minti 10 kafin a raba. Da zafinsa ruwa-ruwa yake, in ya huce kaɗan sai ya kama jikinsa.

Asirin saman girkin

Wutar sama ita ce ke gasa burodi da cuku. In wutar ƙasa ta yi yawa, madara za ta kama gindin tukunya ta ƙone, sama kuwa yana nan fari. Abu na biyu shi ne tururi. In murfi ya rufe ruf, tururi yana komawa bisa burodi ya jiƙa shi. Saboda haka a minti 10 na ƙarshe a ɗan karkata murfi, tururi ya sami hanyar fita. Abu na uku shi ne mai. Burodin da ba a cuɗa da mai ba ƙonewa yake yi, ba ya yin ja. A yi hankali kada toka ta faɗa ciki wajen ɗaga murfi. Wanda ke kusa da mai gasa burodi yana iya roƙonsa ya sa masa tukunyar cikin tanderu, ba murfi.

Amfaninsa ga jiki

Dankali abinci ne mai ba da ƙarfi, yana kuma da bitamin C. Madara da cuku suna gina jiki, suna ƙarfafa ƙashi da haƙori. Girkin ya dace da mai ciki, da mai shayarwa, da yaron da aka yaye. A murmushe wa ƙaramin yaro na ciki mai taushi. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

A kula da abu uku

Dankalin da ya sha haske yakan yi kore, ko ya yi tsiro. Wurin koren nan da tsiron akwai dafi mai sa amai da zawo, kuma dahuwa ba ta kashe shi. A yanke wurin da zurfi a zubar. In koren ya yi yawa, ko dankalin yana da ɗaci, a yar da shi duka. A ajiye dankali wuri mai duhu da iska.

Ɗanyar madara tana iya ɗauke da cutar dabbobi, kamar tarin fuka. Kullum a tafasa ta.

Abinci mai madara ba ya jure zafi. Shi ya sa muke yin kaɗan, daidai ci ɗaya. Kada a ba yara wanda ya kwana.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka fara noman dankalin turawa?
2. Don me ake sa garwashi mai yawa bisa murfi?
3. Me za a yi da dankalin da ya yi kore?

Lissafi

Rabin kilo na dankali da giram 100 na cuku suna isar mutum 3. Kilo nawa na dankali da giram nawa na cuku za su isa gida mai mutum 9?

Kowa ya rubuta amsarsa cikin littafinsa, ya nuna wa malamin cibiya. Wadda ta gwada girkin, ta zo ta gaya wa ƴan uwanta yadda ya kasance.