Me ya sa har yanzu ake rubuta kompaila don tsofaffin manyan kwamfutoci?

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta daga Zariya ya rubuto cewa ya ji akwai masu shafe shekaru suna rubuta kompaila don manyan kwamfutocin zamanin da, waɗanda ake kira menfirem. Yana so ya san ina wahalar aikin take, kuma wa zai amfana, tunda ga kwamfutocin zamani.

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Bari mu fara da ita kanta kompailar. Kwamfuta ba ta jin komai sai sifili da ɗaya, shi kuwa mutum yana rubuta manhaja ne da harshe irin su C ko COBOL. Kompaila ita ce manhajar da ke karɓar rubutun nan ta mayar da shi umarnin da inji ke ganewa. Kowane dangin inji da irin nasa umarnin, shi ya sa kompailar wannan ba ta yi wa wancan aiki.

Ga wani ɗan gyara. In ka ji an ce tsohuwar menfirem, kada ka ɗauka ƙarfe ne da tsatsa ta cinye. Tsarin ne ya tsufa. Kamfanin IBM ya fito da System/360 a 1964, kuma jikokinta, irin su z16 ta 2022, suna gudanar da manhajoji masu yawa da aka rubuta tun wancan zamani. Manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama na dogara da su har yau.

To ina wahalar? Duk wanda ya koyi kwamfuta yanzu ya saba da cewa harafi ɗaya bit 8 yake ci, wato gurbi takwas na sifili ko ɗaya. Amma dangin UNIVAC 1100, wanda kamfanin Unisys ya gada, bit 36 yake ɗauka a dunƙule, don haka harafi a harshen C kan zama bit 9. Abin da ya fi ban mamaki, sifili biyu ne a lissafinsa, mai alamar ƙari da mai alamar ragi, kuma dole mai rubuta kompaila ya tabbatar an ɗauke su abu guda in an zo gwadawa. Ita kuwa CDC 6600 bit 60 take ɗauka, a cusa haruffa goma a ciki. A kan danginta aka gina kompailar harshen Pascal ta farko a Zurik, a 1970.

Dubi haruffa kuma. A wayarka, lambar A ita ce 65, sauran kuma suna biye a jere har Z. A tsarin EBCDIC na IBM, A tana 193, I tana 201, sai J ta tsallaka zuwa 209. Manhajar da ta ɗauka duk abin da ke tsakanin A da Z harafi ne za ta karɓi alamomin da ke cikin giɓin nan, ba kuma wanda zai ji ƙarar kuskuren. A ganina irin wannan ne ya fi haɗari.

Batun amfani kuwa, dukiyar tana cikin manhajojin. Ƙa'idojin albashi, haraji da fansho na gomman shekaru suna rubuce a cikinsu, sake su daga tushe kuma yana da tsada da kasada. A 2020, lokacin korona, gwamnan jihar Niyu Jasi ta Amurka ya fito yana neman masu jin COBOL saboda tsarin biyan marasa aiki ya cushe. Sabuwar kompaila tana sa tsohuwar manhaja ta ƙara sauri ba tare da an sake rubuta ta ba.

In kana son gani da idonka, nemi manhajar Hercules. Kyauta ce, tana kwaikwayon menfirem ɗin IBM a kan kwamfutarka ta gida. Gwada, in ka maƙale ka sake rubuto mana.