Filin Shawara: Ina Son Zanen Itatuwa da Tsuntsaye, Amma a Gida An Ce In Bari

Inna, ni ɗaliba ce a Dogondutsi, shekarata 17. Tun ina ƙarama nake son zanen itatuwa da tsuntsaye, amma duk itacen da na zana sai ya fito iri ɗaya, ba a bambanta gawo da bedi. Kwanan baya Kawu ya ga balbela a littafina, ya ce zanen mai rai haramun ne. Baba kuma ya ce ɓarnar takarda ce. Ba ni da kuɗin fenti, ban kuma san wanda zai koya mini ba. In haƙura ne?

'Yarki, daga Dogondutsi

To 'yata. Kada ki haƙura, kuma kada ki ja da Kawu, don ba daga kansa ya ƙago maganar ba. A Buhari da Muslim akwai labarin wani mai sana'ar zane da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, ɗan Abbas ya gargaɗe shi a kan surar mai rai, ya nuna masa itatuwa. Malaman Malikiyya sun haramta gunki mai cikakken jiki, suka sassauta a kan zanen da ke shimfiɗe a takarda, wasu malaman kuwa sun tsananta a duka biyun. Ni ba mai fatawa ba ce. Ki roƙi Baba ya kai maganar gaban malamin da ya amince da shi. Kafin amsa ta zo, itatuwa kam mafi yawan malamai sun halatta zanensu, kuma na Dallol Mawri kaɗai sun ishe ki aikin shekaru.

Abin da ya sa suke fito miki iri ɗaya shi ne, na cikin kanki kike zanawa, wancan na aji: sanda da dunƙulen ganye a bisa. Ki ƙyale itace gaba ɗaya tukuna. Ki tsinko ganyen kalgo guda, ki aje shi kusa da takarda, ki daɗe kina kallo kafin ki taɓa fensir. Za ki ga bakinsa ya rabu biyu kamar sawun raƙumi, manyan jijiyoyinsa kuma duk daga gindi ɗaya suka taso suka bazu. Ki ƙirga su, sa'an nan ki ja layi. Washegari ki samo reshen aduwa: ganyenta bibbiyu ne a tsinke ɗaya, ƙayarta doguwa ce miƙaƙƙiya, koriya tun tana ɗanya. Ki juya ganyen sabara ki duba bayansa, akwai ƙananan ɗigo baƙaƙe da mutum zai shekara yana sassabe bai lura da su ba. Goriba kuwa gangar jikinta kan rabu gida biyu, kowane ya sake rabuwa, abin da giginya ba ta yi. Tumfafiya tana da kyan fure, amma ki kiyayi nononta, in ya shiga ido akwai matsala.

Gawo sai kin zana shi sau biyu, daga wuri ɗaya: a watan Agusta lokacin da ya zubar da ganye gero na girma a ƙarƙashinsa, da watan Janairu lokacin da ya yi kore shar awaki na rububin 'ya'yansa. Wannan zanen za ki fara nuna wa Baba. Duk manomin Arewa ya san darajar gawo a gona, ba ya kiran hotonsa wasa.

Fenti ya jira. Fensir, reza, littafi marar layi da gawayin murhu sun isa. Abin da ba na so ki manta shi ne rubutu a gefen kowane zane: sunan itacen, inda kika same shi, kwanan wata, da amfaninsa kamar yadda kaka, ko mai magani a kasuwa, ko makiyayi ya faɗa miki. Wani likita ɗan Birtaniya, Dalziel, da irin wannan tambaye-tambaye ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga littafi a 1916, har yau masana na komawa gare shi. Aikin da za ki yi ke nan, kuma shi ne masu karatun noma a Jami'ar Abdu Mumuni da ma'aikatan gandun daji ke buƙata.

In malam ya ba da dama a kan dabbobi, ki fara da akuya da zabin gidanku. Ba sa tsayawa, don haka ki yi ta ƙananan zane da sauri, ki kama wuya da ƙafa kafin su motsa. Shamuwa ta fi su haƙuri in ta sauka gab da damina. Wata rana in tafiya ta kama ki zuwa Yamai, ki sa ido wajen Kure, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe suke. A 1996 kusan 50 suka rage, da aka tsaya kan kariyarsu suka haura 600. Amma a halin tsaron da ake ciki, kada ki fita bayan gari ke kaɗai, ko da gindin dutsen Tozon Bijini ne. Ki tafi da yayanki.

Malaman makaranta na Matankari, Tibiri, Gecheme da Kore Mairuwa, don Allah ku riƙa fitar da yara gindin itacen da ke farfajiyar makaranta, kowa da fensirinsa, ko da sau ɗaya ne a wata.

Innarku